Darasin Adabi: Bi Sawun Rikici Ka Iske Jigo

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin nazarin adabi. Ɗalibai masu shirin jarrabawa, da malamai, da waɗanda karatun labari kawai suke sha'awa, duk ku matso kusa. Mai biro da takarda ya ajiye su a gefensa, za su yi amfani.

Yau a kan jigo da rikici za mu tsaya, kuma bari in faɗa muku abin da ya sa. Kwanakin baya na zauna ina duba takardun ɗalibai. An ce su fito da jigon wani ƙagaggen labari. Takarda bayan takarda, amsar kalma ɗaya ce tal. Wannan ya rubuta "haƙuri", wancan ya rubuta "soyayya", wata ta rubuta "kwaɗayi", sai a ja layi a ƙarƙashi a wuce tambaya ta gaba. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaran nan sun karanta littafin, ana gani a sauran amsoshinsu. Hanyar fito da jigon ce ba a nuna musu ba.

Idan ka ce jigon littafi soyayya ne, ai littattafai dubu nawa ne suka yi maganar soyayya? Tambayar ita ce, shi wannan littafin da ke hannunka, me ya ce game da ita? Amsar wannan tambaya jimla ce cikakkiya, mai kai da gindi. Kuma hanya mafi sauƙi da na sani ta isa ga wannan jimla ita ce a bi sawun rikicin labarin.

Idan mun ce rikici a nazari, ba lallai sai an zare wuƙa ko an ɗaga murya ba. Wani yana son wani abu, wani abu kuma ya tare masa hanya, shi ke nan rikici ya samu. Abin da ya tare hanyar yana iya zama mutum, ko al'umma da dokokinta, ko teku da fari da cuta, ko kuma zuciyar shi mai son. Na san ana ba ɗalibai wannan rabe-raben su haddace. Haddar ba laifi, sai dai ba a nan aikin yake ba.

Bari mu ɗauki gajeren labari ɗaya mu feɗe shi tare. Marubucin Faransa Guy de Maupassant ya wallafa shi a 1884, sunansa La Parure, wato labarin wata sarƙar wuya. Tauraruwar, Mathilde Loisel, kyakkyawa ce, mijinta ƙaramin akawu ne a ma'aikatar ilimi a birnin Faris. Ba su rasa ci da sha ba, amma ita kullum a ranta an halicce ta ne domin gidan daula. Wata rana mijin ya shigo da murna, ya samo musu katin gayyata zuwa liyafar minista. Maimakon ta yi farin ciki, sai ta fashe da kuka, ba ta da abin sawa. Ya ba ta faran 400, kuɗin Faransa na lokacin, da yake tarawa domin ya sayi bindigar farauta, ta yi riga. Har yanzu da saura, babu kayan ado. Sai ta je wurin ƙawarta mai hali, Madam Forestier, ta aro sarƙar lu'ulu'u.

Daren liyafa ta fi kowa haskawa. Da aka tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, mijin ya yafa mata mayafinta na yau da kullum. Ku lura da nan. Ya ce ta jira a ciki ya nemo abin hawa, ita kuwa ta sauka da sauri, don kada manyan mata masu tufafin alfarma su ga tsohon mayafinta. Suna isa gida ta tsaya gaban madubi ta ƙara kallon kanta sau ɗaya, sai ta ga wuya wayam. Sarƙa ta ɓata.

To, mu dakata. Da zan tambaye ku mene ne rikicin wannan labari, da yawa za ku ce ɓatan sarƙa. Amma ɓatan sarƙa tsautsayi ne, yana iya faɗa wa kowa. Rikicin ya riga shi zuwa, tun daga layukan farko: mace tana son a gan ta a matsayin da ba nata ba, kuma abin da ya tare mata hanya shi ne halin da take ciki na gaskiya. Shi ya sa ta yi kuka kan kati, shi ya sa ta gudu da mayafi. Yanzu kuma ga mahaɗar hanya. Za su iya zuwa wurin mai sarƙa su ce, baiwar Allah, ga abin da ya faru. Ba su je ba. Mijin ya ce ta rubuta wa ƙawar cewa maɗaurin sarƙar ya karye, ana gyara. Da wannan suka sayi lokaci. Suka samo wata mai kama da ita a kan faran 36,000. Yana da 18,000 na gadon mahaifinsa, sauran bashi ne, har da na masu cin riba. Suka sallami 'yar aiki, suka koma ɗan ƙaramin ɗaki a can saman bene. Ita ke wanki, ita ke hawa da ruwa, shi kuma yana kwafar takardu da dare. Shekara goma cif kafin su biya.

Sai ranar da ta haɗu da Madam Forestier a hanya. Ƙawar ba ta ma gane ta ba, saboda yadda wahala ta tsofar da ita. Mathilde ta kwashe labari ta faɗa mata, har da ɗan alfahari cewa sun biya. Madam Forestier ta riƙe hannuwanta ta ce ai tata sarƙar ta jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba. A nan labarin ya tsaya.

Yanzu ku rubuta jigon. Wanda ya ce "kwaɗayi" ya taɓo gefen abin, amma ba kwaɗayi ne ya ci musu shekara goma ba. Kalma ɗaya ta gaskiya a bakin ƙofar ƙawarta da ta wadatar. Ni ga yadda zan faɗe shi: mutumin da ya fi tsoron a ga rashinsa fiye da rashin kansa, yakan sayar da rayuwarsa ta gaske don ya kare wata ta jabu. Kun ga sarƙar ma ta shigo cikin jimlar, don ita ma jabu ce da ake yi wa kallon ta gaske, kamar yadda Mathilde ta so a yi mata a daren nan. Kuna iya saɓa mini, kuma ina maraba da haka. Akwai masu cewa laifin na al'ummar da ke auna mace da abin wuyanta ne, kuma suna da hujja. Sharaɗin kawai shi ne a nuna mini wurin a cikin labarin.

Abin da muka yi ke nan: mun nemi abin da take so, mun nemi abin da ya hana ta, sannan muka je daidai inda dole ta zaɓa, muka duba me ta zaɓa da abin da ta biya.

A gajeren labari rikici ɗaya ne yawanci, saboda babu fili. Ƙagaggen labari kuwa yana ɗauke da da yawa a sarƙe, kuma nan ne ɗalibi yake ɓata. Mu ɗauki Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Ka tambayi mutum goma jigonsa, tara za su ce zuwan Turawan mulkin mallaka. Gaskiya ne, yana ciki. Amma littafin babi 25 ne, kuma a babi 13 na farko Bature bai taka Umuofia, garin tauraron littafin, ba. Me Achebe yake yi da rabin littafinsa ke nan?

Yana gina rikicin da ke cikin ƙirjin tauraronsa, Okonkwo. Mahaifinsa Unoka mutum ne mai sarewa da bashi, ya mutu ba sarauta ba rumbu. Okonkwo ya tashi da tsoro guda, kada a ce ya yi kama da ubansa. Duk abin da uban yake so, shi ya ƙi, har da tausayi. Ku je babi na bakwai ku karanta a hankali. Yaron nan Ikemefuna, wanda aka kawo daga wani gari a matsayin diyya, ya shekara uku a gidan Okonkwo, yana kiransa baba. Da aka yanke hukuncin kashe shi, dattijo Ezeudu ya zo da ƙafarsa ya gargaɗi Okonkwo, ya ce yaron nan uba yake kiranka, kada hannunka ya shiga ciki. Ba wanda ya tilasta masa. Amma ya bi su daji. Da aka kai wa yaron sara na farko, ya rugo wurinsa yana kiran babansa, sai Okonkwo ya zare adda ya ƙarasa shi, don kada a ce ya yi rauni. Ya kwana biyu bai iya cin abinci ba.

Duk lokacin da na zo wannan shafi sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Kuma daga nan ne komai ya fara tsagewa. Ɗansa Nwoye, wanda ya shaƙu da Ikemefuna kamar wa, ya gane abin da ya faru, wani abu ya karye a zuciyarsa. Shekaru bayan haka, lokacin da Okonkwo yake zaman gudun hijira na shekara bakwai a Mbanta, garin mahaifiyarsa, masu wa'azin mishan suka zo, Nwoye ya bi su. Kun ga yadda rikici biyu suka haɗe? Baƙi sun zo da ƙarfi, ba shakka, amma ta tsagar da ke jikin bango suka shiga. Waɗanda garin ya ture gefe, da uwayen da al'ada ta sa aka zubar musu da tagwaye, da yaro irin Nwoye, su ne suka fara buɗe ƙofa.

A ƙarshe Okonkwo ya sare ɗan aiken kotu a gaban taro, ya waiwaya ya ga jama'a sun bar sauran 'yan aiken sun tsere. Ya gane Umuofia ba za ta yi yaƙi ba. Ya rataye kansa, mutuwar da al'adarsu ta hana danginsa ko taɓa gawar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun ƙarshe irin na ubansa, ga inda gudun ya kai shi. Saboda haka idan za ka rubuta jigon wannan littafi, jimlarka ta ɗauki duka biyun: abin da ya zo daga waje, da taurin da ke ciki wanda ya kasa lanƙwasa har ya karye. Sauran abubuwa, irin matsayin mata da dangantakar uba da ɗa, su ne ƙananan jigogi. A kawo su, amma a nuna yadda kowanne ya jingina da babban.

Wani abu kuma da nake so ku kiyaye. Ba kullum ne tauraro yake ɗauke da rikicin mafi nauyi ba. Ku tuna Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun ƙagaggun labaran Hausa ta 1933. Umar yana ba almajiransa labarinsa cikin natsuwa. An sace shi yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu ya zama babban malami. In ka bi Umar kaɗai, za ka ce jigon haƙuri ne da yarda da ƙaddara, kuma ba ka yi ƙarya ba. Amma ka koma ka bi mahaifiyarsa. Ita ce ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, ita ce aka yaudara aka sayar baiwa, ita ce ta sha azaba har ta gan shi da idonta, ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin bai tsaya ya yi wa'azi a kan bauta ba. Ya bar mu da wannan uwa. Mai nazarin da ya tsallake ta ya bar rabin littafin a baya, kuma natsuwar muryar mai ba da labari ce ta rufe masa ido.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da na fi gani a wurin ɗalibai masu ƙoƙari. Sukan yanke jigo tun daga shafi na goma, sannan su riƙa tsintar abin da ya dace da shi, suna kau da kai daga wanda bai dace ba. In ka rubuta jimlarka, ka koma ka nemi wurin da ya fi ƙaryata ta a cikin littafin. In ta tsaya, madalla. In ta faɗi, ka gyara ta, kada ka ɓoye shafin.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku nemi gajeren labarin Leo Tolstoy na Rasha, na 1886, a kan wani manomi Pahom. An ce masa ya biya rubul 1,000, duk ƙasar da ya iya zagayewa da ƙafa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta tasa ce, da sharaɗin ya dawo inda ya tashi kafin rana ta faɗi. Ba zan faɗa muku ƙarshensa ba. Ku lura da kowane wuri da ya kamata ya juya bai juya ba, ku rubuta abin da ya faɗa wa kansa a wurin. Sannan ku kawo mini jigon a jimla ɗaya, tare da wurare biyu daga labarin da suka tsaya mata. Da jimlolinku za mu buɗe shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.