Jirgin da Amurka ta daddatsa da hannunta

Jama'a, barkanmu da yamma. Na bayan can kuna jina? To, madalla. Yau labarin jirgin yaƙin Amurka F-14 ne ya tara mu, da rigimar kayan gyaransa. Bari mu fara daga wajen sauka, don a nan kayan jirgi suke cin wuya.

Jirgin yaƙin da ke zaune a kan babban jirgin ruwa, saukarsa kusan faɗowa ce. Zai taho da gudun kusan kilomita 240 a awa, fili ɗan mitsitsi, sai ƙugiyar da ke ƙarƙashin wutsiyarsa ta cafki igiyar ƙarfen da aka gitta masa, cikin daƙiƙa biyu ya tsaya cak. In zai tashi kuma, majaujawa ce take cilla shi. Ku ƙiyasta abin da taya da ƙafafu da ita kanta ƙugiyar suke sha kullum. Ga gishirin teku yana cin ƙarfe dare da rana. A tsakiyar teku kuwa babu Panteka balle Ƙofar Ruwa da za a aiki yaro. Abin da babu a sito, sai jirgin dako ya kawo shi daga tudu. Shekara da shekaru C-2 Greyhound ke wannan aiki, amma da sabon jirgin yaƙi F-35 ya zo, babban sashen injinsa ya ƙi shiga cikinsa, sai da aka koma kan wani jirgin dakon, Osprey.

Yanzu ga labarin da ya tara mu. F-14 Tomcat, ƙirar kamfanin Grumman, mai fukafukan da ke buɗewa suna tsukewa a sama. Don sojan ruwan Amurka aka ƙera shi, kuma ƙasa ɗaya tak aka sayar wa: Iran, zamanin Shah, wato sarkinta. Guda 80 ta yi oda, 79 suka iso. Ita ba ta da jirgin ruwan ɗaukarsu ma, daga tudu take tashinsu. Sai juyin juya halin 1979, aka ɓata, Amurka ta toshe kayan gyara. A 1980 yaƙi da Iraƙi ya ɓarke.

Me makanikan Iran suka yi? Abin da bakanikenku yake yi in mota biyu sun kwanta masa: ya kwance ɗaya ya tashi ɗaya. Wani abin suka ƙera da kansu, wani suka bi ta bayan fage, ta hannun dillalai. Ni dai a ganina, waɗannan makanikai sun fi matuƙan cancantar jinjina.

A 2006 Amurka ta yi wa nata jiragen ritaya, aka jera su a hamadar Arizona, a sansanin Davis-Monthan. Sai aka gano cewa kayan da ma'aikatar tsaro ke gwanjonsu, 'yan Beljiyam ɗinsu ke nan, wasu suna sulalewa su nufi Iran. A 2007 aka dakatar da sayar da kayan F-14, aka kuma kawo injin yanka ƙarfe. Jirgi sukutum, a sa masa almakashi a daddatsa shi gutsi-gutsi, yadda ko noti ba zai moru ba. Wasu aka bari a gidajen tarihi, su ma sai da aka cire musu muhimman kaya.

Na ga hannu a can gefe. Malam, bismillah.