Winnipeg: Gine-ginen da Kuɗin Alkama Ya Tayar, da Waɗanda Aka Rushe

Winnipeg shi ne babban birnin lardin Manitoba a Kanada, a tsakiyar fili fetal da babu tudu ko ɗaya. A 1901 mutanensa ba su fi 42,000 da 'yan kai ba. Shekara goma kacal, sai ga su sun haura 130,000, birnin ya zama na uku a girma a duk ƙasar.

Sirrin kuwa alkama ne da jirgin ƙasa. Duk hatsin da aka noma a yamma sai ya ratsa ta nan kafin ya isa gabas, kuɗi suka yi ta kwarara, attajirai suka shiga gasar gini. A 1904 bankin Union ya tsayar da dogon bene a kan ƙashin ƙarfe, irinsa na farko a yammacin Kanada. Tashar jirgin ƙasa ta 1911 kuma, masu zanen babbar tashar Grand Central ta New York ne suka zana ta.

Daga nan sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A 1914 aka buɗe mashigar ruwan Panama, kaya suka koma bin teku, ga kuma yaƙin duniya. Kasuwa ta kwanta. Abin mamaki, wannan talaucin ne ya ceci unguwar Exchange, tsohuwar unguwar kasuwancin birnin: babu mai kuɗin rushe tsofaffin sito-sito, shi ya sa kusan gini 150 ke nan tsaye har yau.

Waɗanda aka fi taƙama da su ne suka sha guduma. Tsohon ginin majalisar birni, mai ado kamar lallen amarya, an baje shi a 1962. Babban kantin Eaton na jan bulo, wanda aka buɗe a 1905, ya kai har farkon shekarun 2000 kafin a share shi a gina zauren wasan hoki.

Wanda ya fi cin rai shi ne otal ɗin Royal Alexandra na kamfanin jirgin ƙasa. An buɗe shi a 1906, aka rushe a 1971. Kafin rusau aka kwance katakon ɗakin cin abincinsa ɗaya bayan ɗaya, aka adana shi shekaru masu yawa. Mai son ganin ɗakin yanzu sai ya yi tattaki har garin Cranbrook a lardin British Columbia, inda aka sake harhaɗa shi a gidan tarihin jiragen ƙasa.