Suzanne Mitchell da 'Yan Rawar Gefen Fili na Dallas

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, malamaina da ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

Matar da za mu tuna a yau, Suzanne Mitchell, tsohuwar shugabar ayarin 'yan rawar ƙungiyar ƙwallo ta Dallas Cowboys, ta rasu a watan Satumba na 2016 a jihar Texas ta Amurka, tana da shekara 73, bayan ta yi fama da ciwon daji. Kafin in shiga tarihinta, sai in fayyace cewa ƙwallon da nake magana a kai shi ne ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa, wanda galibi da hannu ake ɗaukarsa a ruga, kuma a gefen filinsa akwai ayarin 'yan mata masu rawa da kirari domin zuga 'yan kallo. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda makaɗi ke tayar da tsimin ɗan wasa, to ya fahimci asalin aikin, ko da yake shigarsu da salonsu sun yi nesa da abin da al'adarmu ta yarda da shi.

Ƙungiyar Baltimore Colts ce ta fara kafa irin wannan ayari a gasar NFL, babbar gasar wannan ƙwallo a Amurka, a 1954, amma Dallas Cowboys ce ta mayar da shi sana'a. A da, 'yan makarantar sakandare maza da mata ne ke yi mata kirari. A 1972 manajan ƙungiyar, Tex Schramm, ya sauya tsarin, aka ɗauki mata bakwai da suka kai shekara 18, aka damƙa su a hannun ƙwararriyar mai koyar da rawa, Texie Waterman. Cikin bakwai ɗin har da Vonciel Baker, baƙar fata, wadda ta shafe kaka takwas a ayarin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da bai daɗe da fita daga dokokin wariyar launin fata ba.

Ita Mitchell sakatariyar Schramm ce. A 1976, bayan kyamarar talabijin ta haska ɗaya daga cikin 'yan matan tana kashe ido a lokacin wani wasa, sai wasiƙu da gayyata suka yi wa ofishin yawa, aka ce ta riƙe ayarin, ta kuwa riƙe shi har shekara 13. Ta gane cewa duniya kallon kayan ado take yi wa yaran nan, saboda haka ta kewaye su da dokoki masu tsauri. Ta hana su soyayya da 'yan wasa, ta hana shan giya ko taba alhali suna sanye da kayan aiki, ta kuma shardanta cewa kowacce ta kasance ɗaliba, ko ma'aikaciya, ko matar aure mai kula da gidanta. A zamaninta ne, daga 1979, suka fara tafiya Koriya ta Kudu domin gaishe da sojojin Amurka.

A nan ne nake so mu ɗan dakata. Duk wannan suna da aka yi, ladan kowace yarinya dala 15 ne a wasa guda, kafin a cire haraji, kuma atisayen dare da suke yi kusan kullum ba a biyansu ko sisi. A ganina, Mitchell ta yi nasarar kare mutuncinsu, amma ba ta taɓa batun aljihunsu ba, domin ita kanta ta ɗauki aikin a matsayin alfarma ce da ake yi wa yarinya, alhali hotunansu na kawo wa ƙungiyar kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta ajiye aiki a 1989, shekarar da Jerry Jones ya sayi ƙungiyar ya sallami koci Tom Landry. A 2018 aka ajiye kayan ayarin a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, kuma a shekarar ce wata tsohuwar 'yar ayarin, Erica Wilkins, ta kai ƙungiyar kotu a kan albashi. Sai a 2025, shekara tara bayan rasuwar Mitchell, aka sanar da ƙara wa 'yan ayarin albashi da kashi 400 cikin ɗari.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure, sai a buɗe fagen tambayoyi.