Wasa wuƙar mashin ciyawa mai ganga da saita ta

Assalamu alaikum jama'a. Ku duba ganyen nan biyu da ke tafin hannuna. Duka na ciyawar kiri-kiri ne, kuma ruwa ɗaya ake ba su. Na dama bakinsa a yanke yake sumul, kore shar. Na hagu kuwa kansa ya tsattsage, zare-zare ya fito, ya fara yin fari. Mai fili idan ya ga ciyawarsa ta ɗauki wannan launi kwana ɗaya ko biyu bayan yanka, sai ka ji ya ce a ƙara ruwa, a zuba taki. Alhali matsalar tana gareji: wuƙa ce ta dakushe, tana yagar ganye. Ganyen da aka yage ya fi saurin rasa ruwan jikinsa, kuma ta wannan rauni cuta ke shiga. A nan Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ciyawa ba ta da ruwan da za ta yi asara haka.

Ga mashin ɗin da muke magana a kai. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edwin Budding ne ya ƙera irinsa na farko a 1830, bayan ya ga na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa. Har yau tsarin bai canza ba. Akwai ganga mai wuƙaƙe a murɗe wadda ke juyawa, a ƙarƙashinta kuma akwai wuƙar ƙasa, miƙaƙƙiya, wadda ba ta motsi. Ganga ta kwaso ganye, ta kawo shi bakin wuƙar ƙasa, su biyun su datse shi, kamar yadda almakashin tela ke yanka yadi. Mashin da aka saba gani a gidaje, mai wuƙa ɗaya da ke juyawa a kwance, shi dukan ciyawa yake da ƙarfi, shi ya sa ba ya iya sauka ƙasa sosai. A filin golf kuwa, dandalin da ramin yake ana yanke shi a kan milimita 3 zuwa 4, hanyar tsakiya kusan 10 zuwa 15, filin ƙwallon ƙafa irin na Seyni Kountché kuma yawanci ana barin ciyawarsa tsakanin 20 da 30. Gwargwadon yadda kake son sauka ƙasa, gwargwadon yawan wuƙaƙen da ganga ke buƙata: 11 ko 14 a dandalin rami, 5 zuwa 8 inda ciyawa ta fi tsayi.

Yanzu ga abin da ya sa na haɗa wannan bidiyo. Da zarar mashin ya daina yanka da kyau, abu na farko da hannun makaniki ke kai wa shi ne sifana. A ɗaure noti, a matso wuƙar ƙasa ta manne da ganga. Ranar zai yi kamar ya gyaru. Gobe a ƙara ɗaurewa. Ku saurari wannan ƙara: ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Matsi yana kawo zafi, zafi ya sa ƙarfe ya buɗe, sai matsin ya ƙaru. Ku kalli wuƙar ƙasan nan da na ciro daga irin wannan mashin. Na bi ta da yatsa, kuna ganin tudu da kwari a jere. Ita ma gangar ta ɗauki irin wannan zane, kuma da zarar sun kai haka sai layi-layi ya riƙa fitowa a kan ciyawa. Boris ya gaji, inji ya ƙara shan mai. Wuƙar da ta dakushe washi take nema, kuma babu ɗaurin da zai maye gurbinsa.

Kafin komai a kashe inji, a cire makulli, a sa safar hannu. Sai a kama ganga a jijjiga ta sama da ƙasa, hagu da dama. In tana wasa, boris ya mutu, a canza shi tukuna, domin duk washin da aka yi a kan mataccen boris aikin banza ne. Bayan haka a auna kaurin ganga a wannan kai da wancan. Da yawan aiki gefe ɗaya kan fi cinyewa, ganga ta tsuke a kai ɗaya. Ido ba ya ganin wannan, sai awo.

Nan ne injin washi ke shigowa, irin na kamfanonin Foley ko Bernhard. Ana ɗora ganga tana juyawa, dutsen washi yana kai-da-komo daga wannan kai zuwa wancan, yana ci kaɗan-kaɗan, har kaurinta ya zama ɗaya kuma kowace wuƙa ta samu sabon baki. Daga nan masu aiki da yawa sukan yi washi na biyu, su rage naman ƙarfen da ke bayan bakin kowace wuƙa, su bar siririn baki kawai, kimanin milimita 1, shi ne zai riƙa haɗuwa da wuƙar ƙasa. Akwai ƙwararrun da ba sa yin wannan na biyu, sun fi son su yawaita na farko. Ni dai a halin da muke ciki ina goyon bayan a yi shi, saboda yana rage gogayya, kuma shi ke ba ka damar ɗan farfaɗo da kaifi a garejinka ba sai ka sake neman babban inji ba.

Wuƙar ƙasa fuska biyu ake wasa mata, ta sama da ta gaba, kowace da kusurwar da kamfani ya rubuta a littafin mashin. In sabuwa ce, a goge mazauninta tas, a sa sababbin kusoshi, a fara ɗaurewa daga tsakiya a bi zuwa gefe, sannan a wasa ta tana ɗaure a mazaunin. Don Allah kada a kai mata injin gugar ƙarfe na masu walda. Hannu ba ya iya riƙe layi ɗaya a tsawon rabin mita.

Mu zo kan saiti. Ana matso wuƙar ƙasa a hankali, ɗan juyi a dama, ɗan juyi a hagu. Kamfanin Toro mai ƙera irin wannan mashin na cewa ita da ganga su ɗan taɓa juna kaɗan, kamfanin John Deere kuma na cewa a bar tazara ƴar ƙarama, milimita 0,025 zuwa 0,05, wato ko rabin kaurin takardar ofis ba ta wuce ba. Kowa ya bi littafin mashinsa. Amma hukunci na takarda ne. Na yanko siririyar takarda, na tsayar da ita a bakin wuƙar ƙasa, na juya ganga da hannu. Cas! Ta yanke ba gezage. Na sake a tsakiya, na sake a ɗaya kan, kuma na gwada kowace wuƙa. In takarda ta lanƙwashe ko ta yage alhali ƙarafan na taɓa juna, a ajiye sifana, a koma washi.

Tsayin yanka kuma rola biyu ne ke riƙe da shi, na gaba da na baya. A fara tabbatar da na baya yana kan layi ɗaya da ganga, a kan shimfiɗaɗɗen faranti na ƙarfe. Sai a ɗauko sandar awo, wato miƙaƙƙen ƙarfe mai kusa a jikinsa, a rataya kan kusarta a bakin wuƙar ƙasa, a daidaita har sandar ta taɓa rola biyun, a dama da hagu. Mashin mai ganga uku dole ukun su zama awo ɗaya, don bambancin rabin milimita ma yana fitowa a dandalin rami.

Abin da ke cinye mana kaifi a nan shi ne yashi. Ƙurar hunturu na sauka kan ganye, iskar farkon damina na kwaso rairayi, ga wanda ake barbaɗawa da gangan don fili ya yi sumul. Saboda haka a ba ciyawa ruwa yashin ya kwanta kafin a shigar da mashin, a zagaya a tsince duwatsu, a wanke mashin bayan aiki, a sa giris, a yi gwajin takarda kowace rana. In kaifi ya ɗan ragu, a juya ganga da baya a hankali, a shafa man washi mai tsakuwa da buroshi mai dogon hannu, lamba 80 mai manyan tsakuwa ga ganga mai ƙarancin wuƙaƙe, 120 zuwa 180 mai ƙananan tsakuwa ga ta dandalin rami. Ƴan mintoci sun isa. A wanke man tas, domin in ya rage zai ci gaba da cin ƙarfe. Wannan dabara ba ta gyara gangar da ta tsuke ko ta yi tudu da kwari.

Saura abu ɗaya, kuma a fili ake ganinsa. Awon da ka yi a kan teburi ba lallai shi ne ciyawa za ta samu ba. Da damina ƙasa na laushi, rola ya nutse, mashin ya yanka ƙasa da abin da ka saita, har ya ƙwaƙule kiri-kiri ya bar tabo. Sai ka ɗaga shi kaɗan, kada kuma ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka guda. Direba ma ya rage gudu, domin in mashin ya fi gangarsa sauri ciyawa za ta fito da igiya-igiya. A fara gwada layi biyu a gefen fili, a durƙusa a duba, kafin a shiga tsakiya.