Nero d'Avola: jar giyar tsibirin Sisili da abincin da ke tafiya da ita

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasin yau na ma'aikatan otal ne, musamman masu kai abinci tebur, waɗanda baƙi 'yan ƙasashen waje kan tsare da tambayar wace giya ce za ta dace da abin da suka yi oda. Na san da yawanku ba kwa sha. To, ba sai kun kai baki ba, goro kawai za ku tuna.

Ka san yadda in ka tauna goro bakinka ke bushewa, harshe ya yi kaushi kamar an tsane maka yawu? Wannan baurin shi ne kan zancenmu. Sinadarin da ke kawo shi sunansa tanin. Yana cikin goro, yana cikin shayin da ya daɗe a wuta, kuma shi ne a cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Yadda yake kama fata, haka yake kama furotin da ke cikin yawunka. A giyar inabi kuwa, daga ɓawon inabin yake fitowa da ƙwayoyin cikinsa, wani kuma daga gangar katakon da aka ajiye giyar.

Nero d'Avola sunan inabin ne, kuma sunan giyar. Nero na nufin baƙi da Italiyanci, Avola kuma gari ne a kudu maso gabashin Sisili, tsibirin da ya fi kowanne girma a tekun Bahar Rum. Can rana ba ta wasa, ruwan sama kuma kaɗan ne a lokacin zafi, sai inabin ya nuna sosai. Shi ya sa giyar take ja har ta yi duhu, ƙarfinta kan kai kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari. A da ma lodinta ake yi zuwa arewacin Italiya da Faransa, a gauraya da nasu mai fari-fari don ta ba shi launi da ƙarfi.

To, me za ka ba baƙo shawara ya ci da ita? Nama mai kitse, da gishiri daidai. Gasasshen naman rago, ko naman sa da aka dafa a miyar tumatir har ya yi laushi. Dalili kuwa, tanin ɗin sai ya kama furotin na naman ya ƙyale yawun mai sha, kitsen kuma ya lulluɓe harshe. Sai baurin ya kwanta, ɗanɗanon inabin ya fito. Tsohon cukun madarar tumaki ma haka yake yi.

Wanda ba ya cin nama fa? Mutanen birnin Kataniya da ke Sisili suna da wata taliya da suke kira pasta alla Norma: soyayyen baƙin yalo, miyar tumatir, da cuku mai gishiri a barbaɗa a sama. Man da yalon ya sha shi ke maye gurbin kitse.

Inda nake so ku buɗe kunne shi ne barkono. Kada ka ga tsire nama ne ka ce ai shi ke nan. In yajin ya yi yawa, zafin barkono da ƙarfin giyar sai su haɗu, baki ya ɗau wuta, baurin ya ninka. Ka ce wa mai kicin ya sassauta yaji, ko ya kawo shi a gefe. Farin kifi mai laushi ma a kauce masa, don yakan bar ɗanɗano kamar an lashi ƙarfe. Gasasshen kifin tuna dai yana jurewa, kuma 'yan Sisili suna cin sa da ita.

Sai batun sanyi. Ana son giyar tsakanin digiri 16 zuwa 18, ɗakunanmu kuwa sun wuce haka nesa. Sa kwalbar a firij kamar minti 20, sannan ka juye ta a tulun gilashi ta sha iska rabin awa kafin abinci ya iso tebur.