Rufi Mai Tsayi: Yadda Za a Rage Zafi da Ƙarar Ruwan Sama

Jama'a, barkanmu da war haka. Akwai wani falo a Samaru, Zariya. Maigidan bai so silin shimfiɗaɗɗe ba, sai ya sa aka bi da shi jikin rufin har ƙololuwa. Ya yi kyau, ba musu. Amma a watan Afrilu zama ba ya yiwuwa da rana, in kuma ruwan Agusta ya sauko kan kwanon, ko kiran salla ba ka ji.

Magina na da ba su san wannan matsalar ba. Ku shiga tsohon Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ku ɗaga kai. Bakan gizo ne da ɗaurin guga, wato rufi mai lanƙwasa kamar baka, wanda bakunansa ke haɗuwa a sama: azarar giginya, aka ɗora mata ƙasa mai kauri. Kafin zafin rana ya ratsa wannan ƙasar, magariba ta yi. Ruwa kuma in ya faɗi kanta, shiru kake ji. Nauyi ne ke yin aikin. Kwano kuwa ko milimita 1 bai kai ba, ya ɗauki zafi nan take, ya kuma yi ta amo kamar ganga.

To me za a yi? Daga sama za mu fara. A ƙarƙashin kwanon a shimfiɗa takardar alminiyam mai sheƙi, ɓangaren sheƙin na kallon sararin da za a bari. Sai a bar sarari, aƙalla santimita 5. Nan ne kafintoci da yawa ke ɓata aiki, su cusa kaya dam har ya manne da kwano. Wannan sararin hanyar iska ce: ta shigo ta bakin rufi, ta fita ta ƙololuwa, ta tafi da zafi da laima. In kun toshe ta, kwano zai yi gumi da asuba, katako ya fara ruɓewa ba ku sani ba. Ku sa wa kafofin raga, in ba haka ba jemagu sun sami gida.

Bayan sararin sai audugar gilas ko ta dutse, wato wani abu mai laushi kamar auduga da ake yi da zaren gilas ko na dutse, kaurin santimita 10, a cike tsakanin katakan ba tare da an danne ta ba, domin iskar da ke cikinta ita ce ke tare zafi. Malam kafinta, don Allah sa safar hannu da takunkumi, abin nan akwai ƙaiƙayi.

Sannan silin. Ledar PVC ta fi araha, amma ba ta da nauyi, ƙara ratsa ta take. Allon jifsam ya fi, ninki biyu in aljihu ya yarda, kuma a liƙe duk wata kafa, musamman gefen fitilu da inda aka rataye fanka. Soson katifa da wasu ke mannawa? Ba ya hana ƙara shigowa, ga shi da kama wuta.

Saura amsa-kuwwa, wadda ita a cikin ɗakin take haihuwa, domin rufi mai lanƙwasa tattara murya yake wuri guda. Wannan ba sai an hau sama ba. Labule mai kauri, kafet a kan tayil, da kujerun yadi sun wadatar a yawancin falo. Ku tafa hannu a tsakiyar ɗakin kafin a sa su, ku sake tafawa bayan an sa.