Amsoshin Tambayoyinku: Gudun Fanfalaki da Jimirin Mai Bi

Masu sauraronmu na cikin birnin Kano da kewaye, barkanmu da warhaka, da fatan kun wuni lafiya. Ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu da saƙonnin waya sun taru mini a wannan mako, kuma kusan dukansu kuka ɗaya suke yi, wato gajiya. Za mu ɗauki abin da lokaci ya ba mu dama.

Ta farko daga wani matashi ce a Badawa. Ya ce sau uku ke nan yana zana jarrabawar JAMB da burin karatun likita, makinsa bai kai ba, alhali abokan da suka gama sakandare tare wasu har sun kai aji uku a jami'a. Ya ce, "Baba, ina azumi, ina addu'a, ban fasa zuwa sujada ba. Ko Allah ya manta da ni ne?"

Ɗana, Allah bai manta da kai ba. Amma na lura da wani abu a wasiƙarka: ka yi maganar abokanka fiye da yadda ka yi maganar littattafanka. Ka samu wata asuba ka leƙa filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ka tsaya ka kalli masu motsa jiki. Sabon shiga ba ya ɓuya. Da ya ga tsofaffin hannu sun wuce shi sai ya zuba da gudu ya bi bayansu, kafin zagaye na biyu ya cika za ka gan shi ya dafa gwiwa, hannu ɗaya a haƙarƙari, yana haki. Ƙarfinsa ba ƙarami ba ne, da saurin wani ya fara. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kuma sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa a wajen kilomita 30. Wanda ya fita da zafi ya riga ya ƙone ajiyarsa tun da nisa, shi ya sa ƙafarsa ke mutuwa ana saura kaɗan. Wasiƙar Ibraniyawa sura 12 ta ce mu yi tseren da aka sa a gabanmu da jimiri, muna zuba ido ga Yesu. Naka aka sa a gabanka, ɗana, na abokanka kuma yana gabansu.

Ka san Tobi Amusan, 'yar ƙasar nan mai gudun tsallake shinge na mita 100. A gasar duniya ta Doha a 2019 ta zo ta huɗu. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 ta sake zuwa ta huɗu. Babu matsayi mai ciwo kamar wannan, don kana ganin lambar yabo ana rataya wa wanda ya riga ka da taki ɗaya. Ta koma filin atisaye. A 2022 a Amurka ta yi gudun a daƙiƙa 12.12, ta kafa tarihin duniya. Kai ma koma filinka. Ɗauko takardun sakamakonka guda ukun nan ka shimfiɗa su, ka ga wane darasi ne a cikin huɗun yake jan ka ƙasa kowace shekara. Idan Kemistiri ne, to Kemistiri za ka nemo wa malami. Maimaita karatu iri ɗaya karo na huɗu ba zai ba ka sabon maki ba, ko ka haɗa shi da azumi. Sannan ka tambayi zuciyarka da gaskiya, kiran likita kake so ko jinyar marasa lafiya? In jinyar ce, akwai aikin nas, akwai haɗa magunguna, akwai ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya bi ɗaya daga cikinsu bai yar da bangaskiyarsa ba.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wata mama ce mai ɗinki a Sabon Gari, mijinta ya rasu, ita ke riƙe da yara. Babban ɗanta ya faɗa shaye-shaye, ta yi shekaru tana masa addu'a. Ta ce yanzu in ta durƙusa bakinta ba ya buɗuwa, hawaye kawai. Da ta faɗa wa wata a zumuntar mata sai aka ce mata gajiya da addu'a alamar raunin bangaskiya ce. Tana tambaya ko ta yi zunubi.

Mama, sannu da ɗawainiya. Ba ki yi zunubi ba, kuma wadda ta faɗa miki haka, ko da kyakkyawar niyya ta faɗa, ta ɗora miki kaya a kan kaya. Buɗe Littafin Sarakuna na Fari, ƙarshen sura 18 zuwa sura 19. Annabi Iliya ma ɗan gudu ne, don bayan nasarar da Ubangiji ya ba shi a Dutsen Karmel ya yi ɗamara ya riga karusar sarki Ahab isa Yezreyel da ƙafa. Mutumin nan da wuta ta sauko bisa addu'arsa, da Yezebel matar sarki Ahab ta aiko masa da barazanar kisa sai ya tsere, ya yi tafiyar wuni guda cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ya ce ya isa haka.

To me Ubangiji ya yi? Bai yi masa faɗa ba, bai kuma sa shi sabon azumi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga butar ruwa a wajen kansa. Ya ci ya sha ya sake kwanciya. Mala'ikan ya dawo karo na biyu ya ce ya tashi ya ci, don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan nan ne ya kama hanyar kwana 40 zuwa Horeb, inda Allah ya shaida masa cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya nemo Elisha ya zama abokin aikinsa. Barci, abinci, da abokin tafiya, mama. Da su Allah ya fara.

Ko Eliud Kipchoge na Kenya, ranar da ya gama gudun fanfalaki cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Austriya a watan Oktoba 2019, ba shi kaɗai ya yi ba. 'Yan gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska, suna riƙe masa sauri, ana miƙa masa abin sha daga kan keke. Don haka ki nemi mata biyu masu riƙe sirri, ki ce musu bakinki ya mutu, su ɗauki addu'ar nan na wani lokaci. Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba zai iya furtawa ba, don haka hawayen nan naki ba a banza suke zuba ba. Kuma shaye-shaye ciwo ne da likitoci ke dubawa. Ki samu fasto ko wani dattijo da yaron ke jin nauyinsa, su raka ki ku kai shi sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibiti. Kada kunyar maƙwabta ta hana ki.

Wani ɗan'uwa kuma daga Brigade ya ce shekara da shekaru yana aiki tsakani da Allah a wata ma'aikata, amma duk lokacin ƙarin girma sai a tsallake shi a ba mai uwa a gindin murhu. Wai ina amfanin gaskiya?

Ɗan'uwa, ba zan yi maka alkawarin da Littafi bai yi ba. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, 'yan Najeriya sun zo na biyu a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Amurka ta ɗauki zinare. Daga baya ɗaya daga cikin 'yan Amurkan ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace lambar. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinarenta. Sunday Bada, ɗan sanda, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gudun, ya rasu a watan Disamba 2011, bai ji wannan labari da kunnensa ba. Wani hakkin yana dawowa, wani yana makara, wani kuma sai a gaban Ubangiji. Manzo Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da rabi, kusa da inda ake gasar wasanni duk bayan shekara biyu ana naɗa wa zakara rawanin ganye, shi ya sa ya rubuta musu cewa wancan rawanin mai lalacewa ne, namu ba ya lalacewa. Amma Bulus ɗin nan, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Ka rubuta kokenka, ka haɗa da takardun aikinka, ka bi ta ƙungiyar ma'aikata, kada kuma ka rage ingancin aikinka don huce haushi.

Saƙon ƙarshe gajere ne. Wani dattijo daga Naibawa ya ce ya haura shekara 50, yana so ya fara gudu, amma yana jin kamar wasan yara ne ga mai furfura. Baba, Bulus ya gaya wa Timoti cewa horon jiki yana da nasa amfanin, ko da bai kai na ibada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Ka fara da auna hawan jini da sukari, sannan tafiyar sauri ta minti 20 ko 30, gudu ya biyo baya in jiki ya saba. Lokacin zafi ka fita kafin rana ta ɗaga, da gorar ruwa a hannu. In ƙurar hunturu ta yi kauri ka rufe hanci ko ka bari sai ta lafa. Idan ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya nan take ka ga likita.

Lokaci ya cinye mu. Sauran wasiƙun suna nan, da wadda ta yi tambaya kan bashi da zakka za mu buɗe filin mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. A kwana lafiya.